Idan Kwanon Feda Ya Cije, A Fara Tambayar Asalin Keke

  A wannan fitowa za mu tsaya a kan keke, kuma a kan wuri guda a jikinsa, wanda a ganinmu ya fi kowane wuri aika tsofaffin kekunan Wagadugu wajen masu sayen ƙarfe a kilo, alhali da sauran shekaru a gabansu.

Duk wanda ya duƙa ya dubi ƙasan keke zai ga inda bututu huɗu na gangar jikinsa suka haɗu a wani ɗan gajeren bututu mai kauri da ke kwance a gicciye. A cikinsa ne sandar da ke ɗauke da hannuwan feda take juyawa a kan 'ya'yan boris, su kuma boris ɗin suna zaune cikin kwanoni biyu na ƙarfe da aka murɗa cikin bututun, ɗaya ta dama wajen sarƙa, ɗaya ta hagu. Masu karanta shafin Faransanci na wannan mujalla sun san wurin da boîtier de pédalier. Mu a nan za mu kira shi gidan feda, mu ce kwanon dama da kwanon hagu, gangar jikin kuma mu bar ta da sunan da masu gyara suka saba, wato kadir.

Taya in ta tsufa a sake ta, sarƙa in ta tsinke a haɗa ta, sirdi in ya yage a ɗinke shi. Amma haƙoran murɗi da kwanonin nan ke bi su shiga, a jikin kadir ɗin kansa aka yanka su, kuma ranar da suka cinye, galibi keken ya tafi ke nan. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga gidajenmu. Tun da aikin ZACA ya ci gidaje masu yawa a Zangouettin, Tiendpalogo, Peuloghin, Koulouba da Kamsonghin a 2003, aka tashi sama da mutum 12,000, da yawansu suka koma Nioko da gefen Waga 2000, tafiyar da a da ake yi da ƙafa zuwa Rood Woko ko babban masallaci ta koma ta kilomitoci. Mai babur ya sha mai. Wanda ba shi da babur kuwa, keken da mahaifinsa ya bari shi ke kai yaro makaranta, shi ke kai uwar gida kasuwa, shi ke ɗauko jarkar ruwa. Idan aka kashe wannan keke da guduma a cikin rabin sa'a, wani lokacin karatun yarinya ne na shekara guda ya shiga garari.

Abin da ya sa muka ce a fara da tambaya shi ne, kekunan Zango ba daga gida ɗaya suka fito ba. Kakanninmu fatake ne, hanyarsu ta goro kudu ta nufa, kuma daga Kumasi da sauran garuruwan Gana, tun ƙasar tana hannun Ingilishi, 'yan ci-rani da 'yan kasuwa sukan dawo da Raleigh da 'yan'uwansa na Ingila. Wasu ta gabas suka shigo, daga wajen Kano, inda kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta. A ɗaya gefen ga Peugeot da Motobécane na Faransa, ga kekunan da aka riƙa haɗawa a Bobo Julaso tun shekarun 1960 a masana'antar IVOLCY, wadda ta koma SIFA, har zuwa rufe ta a 2009. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo, sai kekunan kwando na hannu daga Japan, waɗanda mata da 'yan makaranta suka fi so, sai kuma tsofaffin kayan Turai da ake wa laƙabi da France au revoir. A zaure ɗaya mutum zai iya tarar da uku daga cikin waɗannan a jingine. Ko a bakinmu ma haka abin yake: mutum ɗaya zai ce sifana da safe ya ce kile da yamma, ya ce noti ya ce bulon, ba wanda ya ga laifinsa. Harshe yana ɗaukar irin wannan gauraye, amma ƙarfe ba ya ɗauka, domin kowace ƙasa da yadda ta yanka haƙoran gidan fedarta.

Kwanon hagu ba shi da rigima. A kowane irin keke, hagu ake juya shi ya kwance, kamar kowane noti da muka sani. Rigimar tana kwanon dama. Ingilishi sun lura cewa taka feda yau da gobe yana sassauta kwanon dama idan haƙoransa na al'ada ne, saboda haka suka yanka nasu a baibai, ta yadda takawar za ta ƙara ɗaure shi. Wannan tsari nasu, mai awon inci 1.37 da haƙori 24 a kowane inci, shi ne ya cinye duniya, kuma shi ne a jikin kekunan Japan da mafi yawan na Sin da Indiya. Faransawa ba su bi su ba. Nasu milimita 35 ne, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1, kuma duka kwanonin biyu na al'ada ne. Da yake sun san kwanon damansu yana son kwancewa da kansa, sai su tamke shi tamau tun daga masana'anta, shi ya sa tsohon keken Faransa ya fi kowane taurin kai a wannan wuri. Italiyawa ma na al'ada suke yi gefe biyu, sai dai nasu milimita 36 ne.

Ga yadda za a riƙe wannan ba tare da ruɗewa ba. A ɗora sifana a kan kwanon dama, mariƙinta yana kallon sama. In keken na tsarin Ingila ne, a tura mariƙin wajen tayar gaba, wato yadda feda ke tafiya idan ana tuƙi. In na tsarin Faransa ne ko Italiya, a jawo shi wajen tayar baya. Wanda ya yi akasin haka, duk ƙarfin da ya sa ɗaurewa yake yi. Sau nawa ake ganin ƙato uku a kan keke ɗaya a gindin bishiyar mai gyara, ɗaya ya take kadir, ɗaya ya riƙe kai, na uku ya zura bututu mai tsawon mita a sifana yana lilo a kansa, ana cewa tsatsa ce ta yi yawa? Sifanar hannu ba ta cika wuce santimita 30 ba, saboda haka bututun mita guda ya ninka ƙarfin mutum fiye da sau uku, kuma idan ta gefen ɗaurewa aka nufa da shi, ɗayan biyu ne: ko bakin kwanon ya murje, ko haƙoran kadir su tafi.

To, yaya za a gane asalin? Abu na farko a wanke fuskar kwanon da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a karanta abin da aka buga a jikinsa. In an ga 1.37 x 24, na Ingila ne. In an ga 35 x 1, na Faransa ne. In 36 x 24, na Italiya. Idan rubutun ya goge, a dubi gindin fedojin: harafin D da G alamar Faransa ce, R da L kuwa ta Ingila, ko da yake wannan shaida ce mai rauni, tun da feda da hannunta abu ne da ake sakewa. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce a cire kwanon hagu, a gwada masa zoben ɗauri na wani keke da aka tabbata na tsarin Ingila ne. In ya bi shi sumul da yatsu har ƙarshe, dangi ɗaya ne. In ya shiga zagaye biyu ko uku ya tsaya, dangi daban ne, kuma kada a matsa masa.

Akwai baƙi biyu da ya kamata a sani. Na farko shi ne tsarin Suwizalan, wanda awonsa daidai yake da na Faransa, 35 x 1, amma kwanon damansa a baibai yake kamar na Ingila. Motobécane sun yi amfani da shi a ƙarshen shekarun 1970, wasu Peugeot na farkon shekarun 1980 ma haka, kafin masana'antun Faransa su koma tsarin Ingila gaba ɗaya. Saboda haka sunan Peugeot a jikin kadir bai isa hujja ba, sai an haɗa da shekarunsa, kuma a kan wannan dattijon da ya saye shi sabo ya fi kowa amfani in yana raye. In shakka ta rage, a haska tocila ta gefen hagu bayan an cire sanda, a dubi ragowar haƙoran da kwanon dama bai rufe ba, a bi su da tsinin waya a ga inda suka nufa. Baƙo na biyu shi ne tsohon Raleigh na Nottingham. Juyinsa irin na Ingila ne, amma haƙoransa 26 ne a inci maimakon 24, gidan fedarsa kuma ya ɗan fi faɗi, milimita 71 ko fiye, alhali na Faransa da na sauran Ingila 68 ne. Kwanonsa sai nasa. Wanda ke da irin wannan keke ya tattala kwanoninsa kamar yadda yake tattala takardar fili.

Kafin mu shiga aikin, ga ra'ayinmu, ko da wasu masu gyara ba za su so shi ba: a mafi yawan lokaci babu dalilin taɓa kwanon dama ko kaɗan. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne don ya zauna, shi ya sa Faransanci ke kiransa kafaffen kwano. Idan abin da ke damun keke ƙara ce, ko girgizar sanda, ko nauyin takawa, ta hagu ake shiga. A cire kwanon hagu da sanda da boris, a zura tsumma a yatsa a goge cikin kwanon dama yana wurinsa, a haska a duba. In hanyar da boris ke bi tana da santsi, ba rami ba tsaga, a cika ta da giris a mayar da komai. Cijewar kwanon da ke da lafiya ba ciwo ba ce. Sai in ya rarake, ko ya tsage, ko ana son sa masa gidan boris na zamani mai rufaffen ciki, a nan ne cire shi ya zama dole.

Farkon aiki cire hannuwan feda. A tsofaffin kekuna wata 'yar ƙusa mai noti ce ke riƙe su, kilabet. A sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, kada a cire shi, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu wanda ya tsaya a kan daɓe, ta yadda ƙusar za ta faɗa cikin raminsa, sannan a yi mata duka ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan duka ashirin lanƙwasa ta suke yi, duka kuma ba tokari boris da kwano ne ke shan sa. A ajiye tsohuwar ƙusar don awo, domin ta Faransa yawanci milimita 9 ce, ta Ingila 9.5. Daga nan sai zoben ɗauri na hagu, sai kwanon hagu, sai sanda. A lura da gefenta mai tsawo, shi ne na wajen sarƙa. A shimfiɗa zane a ƙasa, domin boris sukan zube, kuma in sakakku ne 11 ake samu a kowane gefe.

Me ke sa kwano ya cije? Ruwa ne a gaba. Gidan feda shi ne wuri mafi ƙasa a kadir, duk ruwan da ya shiga ta bututun sirdi nan yake gangarowa ya kwanta. Damina tana zuba nata, masu wankin babur da keke suna ƙara nasu da sabulu, ƙurar hunturu ja kuma ta shanye ɗan man da ya rage. Ranar Talata 1 ga Satumba 2009, cikin azumi, ruwan sama na milimita 263 ya sauka a Wagadugu a yini guda, kekuna da yawa suka kwana cikin ruwa da laka. Wanda aka buɗe aka shanya a makon ya tsira. Wanda aka goge bayansa kawai aka ci gaba da hawa, tun ran nan tsatsa take aiki a cikinsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, ninki biyu ko fiye, sai ta toshe ɗan sararin da ke tsakanin haƙori da haƙori kamar siminti.

Dalili na biyu hannun mutum ne. Bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan gyara na Faransa suka yi tsada, na Asiya masu awon Ingila suka cika kasuwa. Kwanon Ingila ya ɗan fi na Faransa siranta, saboda haka ta hagu yakan fara shiga kadir ɗin Faransa kamar gidansa ne. Sai dai tazarar haƙorinsa milimita 1.058 ce, ta gidan kuwa milimita 1 cif. Bambancin ba ya ganuwa da ido, amma bayan zagaye goma ya haura rabin milimita, wato haƙori ya hau kan haƙori. Mai gaggawa sai ya ƙarasa da ƙarfi. Irin wannan kwano, ko na dama ne ko na hagu, ba mai da zai sassauta shi, kuma in ya fito da guntayen haƙoran kadir yake fitowa. Ya kamata mai keke ya san haka tun kafin a fara.

Idan tsatsa ce, maganinta na farko kwanaki ne. A kankare bakin kwanon da buroshin waya, a kwantar da keken kwanon dama yana ƙasa, a toshe ramin tsakiyarsa da guntun roba, a zuba mai ta cikin gidan feda har ya rufe inda haƙoran suka haɗu. Man feshi na kwance tsatsa da ake sayarwa a shagunan kayan babur ya fi, amma kananzir ko gazwal da aka gauraya da ɗan man inji ma yana aiki. Man birki na mota kuwa fenti yake ci, a nisance shi. A bar keken a rana kwana uku ko mako guda, zafin yini da sanyin dare suna buɗa tsatsar suna rufewa, man yana samun hanya. Safe da yamma a ɗan ƙwanƙwasa kewayen gidan da ƙaramar guduma, ƙwanƙwasar mai sallama a ƙofa, a ƙara mai. Mun san wanda kekensa ne abincinsa zai ga mako guda ya yi tsawo. Ya ari na maƙwabci, aron mako ya fi sayen wani kadir sauƙi.

Sai maganar kamu. Wurin da sifana ke kamawa a kwanon dama siriri ne ƙwarai, faɗinsa yawanci milimita 36, tudunsa kuwa bai fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba. Sifana mai daidaitawa subucewa take yi, kowace subucewa kuma tana cin gefen, har ya zama ba abin kamawa. Wanda ke da sifanar da ta dace, ya danne ta a kan kwanon da dogon bulon da manyan wosha da aka zura ta ramin tsakiya, don kada ta zame. Wanda ke da matsen ƙarfe na kan tebur, wanda ake kira eto, mai baki da bai cinye ba, ya cire tayoyi, ya matse gefen kwanon a ciki, ya riƙe kadir ɗin da hannu biyu ya juya shi. A wannan hali kadir ya zama noti, kwano ya zama bulon: mai kallo daga sama zai juya kadir ɗin Faransa akasin tafiyar hannun agogo, na Ingila kuma yadda hannun agogo ke tafiya. A riƙe kusa da bututun sirdi da na ƙasa, kada a ja ta siraran ƙafafun baya, su lanƙwasa suke yi.

Dabarar da muka fi so, domin ba ta bukatar komai sai abin da ake samu a kowane shagon ƙusoshi, ita ce ta bulon da noti. A sami bulon mai kauri wanda zai cika ramin tsakiyar kwanon, milimita 14 zuwa 16, mai lamba 8.8 a kansa, domin mai laushi tsinkewa zai yi. A jera masa wosha masu tsaga uku ko huɗu, a shigar da shi ta cikin gidan feda, kansa yana ciki, tsininsa ya ɓullo waje ta ramin kwanon dama, a sa wosha da noti ta waje. Ana bukatar sifana mai rami, irin ta kwance fulogin babur, wadda ta dace da kan bulon kuma za ta iya shiga gidan. A ɗaure su tamau har su cije kwanon a tsakaninsu. In keken na tsarin Ingila ne ko Suwizalan, a saki na ciki a ci gaba da ɗaure notin waje, kwanon zai biyo shi. In na Faransa ne ko Italiya, a saki notin waje a ci gaba da ɗaure kan bulon ta ciki. Kyawun abin shi ne a duka biyun ɗaurewa ake yi, saboda haka duk ƙarfin da aka ƙara kamun ne ke ƙaruwa. Sau da yawa za a ji ƙara guda, ƙas, kamar wani abu ya karye. Tsatsar ce ta saki. Daga nan a riƙa juyawa gaba kaɗan baya kaɗan, ana ƙara mai.

Wuta tana zuwa ne bayan duk waɗannan. Idan kwano da kadir duka baƙin ƙarfe ne, zafi ba ya buɗe ɗaya ya bar ɗaya, amfaninsa farfasa tsatsa ne, kuma tafasasshen ruwa a buta ya isa a fara da shi. Idan ɗayansu alminiyam ne, ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi, lissafin ya sake, domin alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kwanon ƙarfe a kadir ɗin alminiyam ruwan zafi yake so a kan kadir. Kwanon alminiyam a kadir ɗin ƙarfe kuwa ƙanƙara yake so a cikinsa, zafi ƙara matse shi yake yi. Mai walda yana iya manna babban noti ko guntun ƙarfe a fuskar kwano a juya da shi, kuma zafin waldar kansa yakan gama rabin aikin. Amma tsofaffin kadir ba narka su aka yi aka haɗa ba, an liƙe gaɓoɓinsu ne da tagulla, wasu da azurfa wadda ke saki tun kafin zafi ya kai digiri 700, kuma gaɓoɓi huɗu ne ke kewaye da gidan feda. A yi ɗigo-ɗigo a kan kwanon kaɗai, a naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma, kuma a wanke kananzir a bar shi ya bushe kafin tartsatsi ya matso. Kwanonin nan ƙarfe ne mai tauri, zarto ba ya cin su, kurfin maƙera kuma in ya sare su ɓarɓashi ne ke tashi, saboda haka mai aiki ya kare idonsa, yara masu kallo su ja baya.

A nan akwai wata magana da takan ɓata zumunci tsakanin mai keke da mai gyara, waɗanda sau da yawa sahu ɗaya suke tsayawa. An kai keke yana tafiya, an karɓo shi haƙora sun cinye, wa zai ɗauki asarar? Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kai ba a gaban mai su ba. Malaman mazhabar sun kuma keɓe ayyukan da hatsari ke cikin asalinsu, kamar huda lu'ulu'u ko miƙar da takobi, suka ce ba lamuni a kansu sai in mai sana'ar ya ƙetare iyaka ko ya kama aikin ta hanyar da ba tasa ba. A fahimtarmu, kwanon da ya shekara ashirin cikin tsatsa ko wanda wani ya taɓa tura wa da ƙarfi yana kama da waɗannan, amma juya kwano ta gefen ɗaurewa da bututun mita guda kama aiki ne ta hanyar da ba tasa ba. Hukuncin kowace rigima dai na malamai ne bayan sun ji ɓangare biyu. Abin da ke hannunmu shi ne a yi magana kafin sifana ta hau. Mai gyara ya ce, Alhaji, ko Hajiya, wannan kwano ga halinsa, ga abin da zai iya faruwa, in ci gaba? Mai keke kuma ya faɗi abin da ya sani na tarihinsa, kada ya ɓoye cewa an taɓa dukansa a wani wuri, kuma in ya ce yau-yau yake so, ya san ya ɗauki wani kaso na abin da gaggawa za ta haifar.

Idan kwano ya fito, a goge haƙoran kadir da buroshi da kananzir. Tsohon kwano mai awo ɗaya, wanda aka yi wa tsaga biyu ko uku a gicciyen haƙoransa da dutsen wuta, yana share ragowar tsatsa idan aka bi da shi a hankali. A tafi kasuwar kekuna ta wajen Théâtre Populaire da tsohon kwanon da sandar a aljihu, a gwada, kada a saya da baki. Sabon kwano da yatsu ake fara shigar da shi, kuma ya kamata ya yi zagaye huɗu ko biyar kafin a nemi sifana. In ya tsaya a na biyu, a fitar da shi a sake dubawa. In kuwa haƙoran sun riga sun tafi, ba lallai a yanke ƙauna ba: akwai gidan boris na zamani marar haƙori wanda gefensa biyu ke matse juna a cikin bututun, kuma mai injin da ya dace yana iya faɗaɗa gidan zuwa milimita 36 ya yanka masa haƙoran Italiya.

A shafa giris a haƙoran kafin a mayar, a shafa a sandar sirdi ma don ta rage wa ruwa hanya. A juya keken a dubi ƙarƙashin gidan feda: in akwai ɗan rami a buɗe shi da tsinke, in babu a sa a huda na milimita 3 a tsakiya, nesa da haƙora, don ruwan da ya shiga ya sami mafita. Sau ɗaya a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka sosai, a buɗe ta hagu a sake giris. Kuma da yake yau an sha wahalar gano asalin keken, a ɗauki fenti a rubuta F ko A a ƙarƙashin gidan, gwargwadon tsarinsa, Faransa ko Angale, domin yaron da zai gaje shi ya tarar da amsar a rubuce.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba sandar sirdi da ta ƙi fita.